Yadda za ka auna bashin ƙaramin kamfani da ɗorewar rabon ribarsa kafin ka sayi hannun jari

Tun da ƴan Damagaram suka fara buɗe asusun hannun jari ta wayar salula, tambaya guda ce ke ta dawo mini, daga ma'aikata, daga ƴan fansho, har da ƴan kasuwa: "Malam, ga wani kamfani yana raba kashi 10 cikin 100 a shekara, in saya?" Ba na cewa e, ba na cewa a'a, sai an buɗe takardunsa. Mai hannun jari shi ne na ƙarshe a layi. Ma'aikata, masu kawo kaya, hukumar haraji da banki duk suna gabansa, abin da suka rage shi ake rabawa. Don haka aikin da ke gabanka shi ne ka gano ko ragowar nan tsabar kuɗi ce da kamfanin ya samo da guminsa, ko kuwa aro aka yi aka miƙa maka.

Zan yi magana ne kan kasuwar BRVM da ke Abijan, wadda ƙasashe 8 masu amfani da sefa ke tarayya a cikinta, har da Nijar. Kamfanoni arba'in da ƴan kai ne a cikinta, kuma guda ɗaya tak ne na Nijar, wato bankin BOA Niger. Wanda ke saye a kasuwar Legas ma matakan za su yi masa aiki.

1. Tara takardu, na shekara 5

Ba ka buƙatar komai sai waya mai intanet, littafin rubutu, biro da kalkuleta. Takardun kyauta ne a shafin BRVM, ƙarƙashin sunan kowane kamfani. Da Faransanci suke, shi ya sa zan riƙa kawo sunayen layukan yadda suke a rubuce, don ka gane su da ido ko da Faransancinka na kasuwa ne.

Abin da za ka sauke: bayanin kuɗi na ƙarshen shekara, wanda ya ƙunshi bilan (jadawalin dukiya da bashi), da compte de résultat (lissafin riba da asara), da tableau des flux de trésorerie (jadawalin shige da ficen tsabar kuɗi), rahoton masu binciken asusu, commissaires aux comptes, da sanarwar babban taron masu hannun jari, inda ake rubuta nawa za a raba. Ka ƙara da jaridar kasuwar ta kullum, wadda ake kira BOC, don farashi da yawan hannun jarin da aka yi ciniki.

Ja layi biyar a littafinka, kowace shekara da nata. Shekara ɗaya ba ta nuna halin kamfani.

Hattara: in kamfani ya saba jinkirin fitar da lissafinsa, ka rubuta wannan a saman shafi da jan biro. Dokar OHADA ta ce a yi babban taro cikin wata 6 bayan rufe shekara, a kuma biya rabon da aka amince da shi cikin wata 9. Wanda ke wuce waɗannan lokuta shekara bayan shekara, akwai abin da ke damunsa.

2. Lissafa kason rabo da hannunka

Raba abin da ake bai wa kowane hannun jari da farashinsa na yau, ka ninka da 100. Bari mu ƙirƙiri kamfani na misali mu bi shi har ƙarshe: yana da hannun jari miliyan 10, kowane ɗaya jika 2, wato sefa 2,000, kuma bara ya raba sefa 200 a kan kowane. Kason ya zama 10 cikin 100. Jimillar abin da ya fita daga asusunsa miliyar 2 ne. Riƙe wannan lamba, da ita za mu auna komai.

Abu biyu ke rikita mutane a nan. Na farko, akwai brut, wato kafin a cire haraji, akwai net, wato bayan an cire shi. Ana cire haraji tun kafin kuɗin ya iso asusunka, kuma yawansa ya danganta da ƙasar da kamfanin yake, saboda haka net ne naka. Na biyu, kason yana hawa in farashi ya faɗi. Da farashin kamfaninmu jika 4 ne shekara biyu da suka wuce, kason 5 ne kawai. Bai ƙara wa kowa ko dala ba, masu sayarwa ne suka yi yawa. Duk lokacin da ka ga kaso ya zarce na sauran kamfanoni nesa ba kusa ba, fara da duba farashin shekara 2 baya. Sau da yawa waɗanda suka fi ka kusa da labari sun riga sun hango za a yanke rabon, suna ta fita, kai kuma kana shirin shiga.

3. Gwada rabo da ribar gaskiya

A compte de résultat, nemi résultat net, wato ribar ƙarshe bayan an cire komai. A misalinmu miliyar 2.2 ne. An raba miliyar 2, wato kusan kashi 91 cikin 100 na ribar. Wannan kaɗai ya isa a ɗaga gira, domin bai bar wa kansa abin kirki ba. A ra'ayina, kamfanin masana'anta ko na noma da ke wuce kashi 70 a kai a kai yana tafiya ba birki. Kamfanin waya ko na rarraba mai, wanda cinikinsa bai cika hawa da sauka ba, zai iya ɗaukar fiye da haka.

Amma kada ka tsaya a layin ƙarshe. Ɗan hau sama kaɗan, za ka ga résultat HAO, wato ribar da ba ta fito daga sana'ar yau da kullum ba: an sayar da fili, ko sito, ko tsofaffin motoci. A misalinmu miliyan 700 ne. Cire shi, ribar sana'a ta koma miliyar 1.5. Yanzu rabon ya zama kashi 133 cikin 100 na abin da sana'ar ta kawo. Fili kuwa sau ɗaya ake sayar da shi.

Hattara: doka ta yarda a raba daga ribar shekarun baya da aka ajiye, report à nouveau. Ba laifi ba ne, kuma kamfani mai ƙarfi yakan yi haka a shekarar da ta zo da gardama don kada ya saɓa wa masu jari. In ya zama shekara 2 ko 3 a jere, ajiyar ce ake cinyewa.

4. Bi sawun tsabar kuɗi

Nan ne yawancin mutane ke gajiya, nan ne kuma amsar take. In kana da awa guda, ba wannan mataki rabinta.

Kowa a kasuwar Dole ya san ɗan kasuwar da littafinsa ya cika da ciniki amma aljihun teburinsa ba komai, domin rabin kayan bashi aka ɗauka. A littafi yana da riba, amma in mai shago ya zo karɓar haya sai ya je aro. Kamfani ma haka. Riba lissafi ce, rabo kuwa da tsabar kuɗi ake biyansa.

Buɗe tableau des flux de trésorerie ka kwashe lambobi 3. Ta farko, kuɗin da sana'a ta shigo da su a zahiri, flux de trésorerie provenant des activités opérationnelles: miliyar 1.6 a misalinmu. Ta biyu, abin da aka kashe wajen sayen injuna, motoci da gine-gine, layukan da suka fara da décaissements liés aux acquisitions: miliyan 700. Ta uku, uwar bashin da aka biya banki a shekarar, remboursements des emprunts: miliyan 600.

Miliyar 1.6, a cire 700, saura 900. A cire 600, saura miliyan 300. Wannan ne kuɗin da kamfanin ke da ikon rabawa ba tare da ya taɓa komai ba. Ya raba miliyar 2. Daga ina sauran miliyar 1.7 suka fito? Miliyan 700 na fili ne. Miliyar 1 da ya rage, sabon bashi ne aka ci a banki. Ma'ana, banki ne ya biya ka rabin rabon bara, kuma kai ne za ka biya bankin da kuɗin ruwa daga rabon baɗi.

Yi wannan lissafi ga duka shekaru 5, ka haɗa jimilla. Shekara ɗaya tana iya yin giɓi saboda an sayi babban inji, ba abin tsoro ba ne. Jimillar shekara 5 ce ba ta ƙarya: in abin da aka raba ya fi abin da ya rage, rabon ba mai ɗorewa ba ne, ko wane ne shugaban kamfanin.

Hattara da abubuwa biyu. Duba créances clients, bashin da kamfanin ke bin masu saye. In ciniki ya ƙaru da kashi 5 amma wannan layi ya ƙaru da kashi 30, ana sayarwa ne ba a karɓa. Ka kuma bincika wa ake bi. Kamfanin da babban mai sayensa gwamnati ce ko hukumominta yakan jira kuɗinsa da daɗewa. Abu na biyu ya fi ɓoyuwa: kamfani na iya daina gyaran injuna don kuɗi su yi kamar sun rage. In abin da yake kashewa kan kayan aiki ya yi ƙasa sosai da dotations aux amortissements, wato abin da ake warewa don tsufan kaya, shekara da shekaru, masana'antar ce ke tsufa a tsaye, kuma ranar biya na nan tafe.

5. Haɗa bashin gaba ɗaya

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Kamfani mai bashi ba mugu ba ne. Tambayar ita ce nawa, ga wa, zuwa yaushe.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a duba dettes financières, wato dogayen basussuka, kawai a rufe takarda. Sauka ƙasan bilan, akwai trésorerie-passif: kuɗin da kamfani ya zarce da su a asusunsa na banki da gajerun rance. Ƙananan kamfanoni a nan suke jibge nauyinsu. A misalinmu na sama miliyar 6 ne, na ƙasa miliyar 3, jimilla 9. Cire kuɗin da ke hannu, trésorerie-actif, miliyar 1. Bashin gaske miliyar 8.

Yanzu awo 3.

Raba bashin da excédent brut d'exploitation, wanda ake taƙaitawa EBE, ribar sana'a kafin a cire kuɗin ruwa, haraji da tsufan kaya. Namu miliyar 3.2 ne, amsa 2.5. Ma'anarsa, ko da bai biya kowa komai ba, sai ya yi shekara biyu da rabi kafin ya fita bashi. Ƙasa da 2 ina kwana da daɗi. Tsakanin 2 da 3 ina son in ji dalili. Sama da 3 a ƙaramin kamfani, na bar wa masu ƙarfin zuciya.

Raba résultat d'exploitation, ribar sana'a bayan an cire tsufan kaya, da frais financiers, kuɗin ruwan da ake biya. Miliyar 2.7 a raba da miliyan 700, kusan 3.9. Wato ribar ta ninka kuɗin ruwa kusan sau 4. Ba laifi, amma in ta sauka ƙasa da 3, kamfanin ya fara yi wa banki aiki.

Gwada bashin da capitaux propres, dukiyar masu jari. Namu miliyar 7 ne, bashi 8. Masu ba da rance sun fi masu kamfanin jari a cikinsa.

Kada lamba ɗaya ta ɗauke maka hankali, alkiblar ita ce magana. 2.5 da ya sauko daga 4 labari ne mai daɗi, 2.5 da ya hauro daga 1 labari ne daban.

Ga wanda ke kiyaye hukuncin shari'a a jarinsa, wannan mataki ya yi masa aiki biyu. Ma'aunin AAOIFI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, ya ce bashin ruwa kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajar kamfani a kasuwa, kuɗin shiga da bai halatta ba kuma kada ya wuce kashi 5. Darajar kamfaninmu miliyar 20 ce, bashinsa 9, wato kashi 45; ya faɗi tun a nan. Bankunan ruwa da kamfanin giya kuwa sana'arsu ce ta fitar da su. Sauran bayani sai ka zauna da malaminka.

6. Yaushe za a biya, kuma da wane kuɗi

A bayanan da ke biye da bilan akwai jadawalin wa'adin basussuka: na ƙasa da shekara 1, da waɗanda suka fi haka nisa. Bashin miliyar 8 da aka shimfiɗa kan shekara 7 ya fi sauƙi a kan na miliyar 4 da za a nema cikin wata 6. Gajeren rance yana rayuwa ne da yardar banki. Ranar da kuɗi suka yi tsada a yankin, ko bankin ya ga abin da bai yi masa ba, sai ya ƙi sabuntawa, kuma rabon riba ne abu na farko da ake yankewa.

Duba kuma kuɗin da aka ci bashin da shi. Sefa a ɗaure take da Yuro, 655.957 kowane ɗaya, don haka bashin Yuro bai cika ba da mamaki ba. Dalar Amurka daban ce. Masu zuwa Kano sun ga abin da ya faru bayan an saki naira a watan Yuni na 2023: manyan kamfanoni irin su MTN Nigeria da Nestlé Nigeria, masu ciniki lafiya lau, sun rufe shekarar da asara saboda nauyin da ke kansu na kuɗin waje, rabon riba kuma ya tsaya. In haka ta samu manya, ƙaramin kamfani mai shigo da kaya da Dala ba sai an faɗa ba.

7. In banki ne, canza ma'auni

Matakai na 4 da na 5 ba sa aiki a kan banki, domin karɓar ajiya da ba da rance ita ce sana'arsa. Tunda yawancin masu ba da rabo mai kauri a BRVM bankuna ne, ga abin dubawa: créances en souffrance, rancen da ya maƙale, a gwada shi da jimillar rance, nawa aka ware don rufe shi, coût du risque, ko yana hawa, da ratio de solvabilité, wato ƙarfin jarin bankin idan aka gwada da haɗarin rancen da ya bayar, a ga tazarar da ke tsakaninsa da mafi ƙarancin da hukuma ta gindaya. Bankin da ke dab da layin, hukumar sa ido na iya taƙaita masa rabo ko da ya ci riba.

A watan Disamba na 2023 an ɗaga mafi ƙarancin jarin banki a yankin daga miliyar 10 zuwa miliyar 20. Bankin da ya cike giɓin ta hanyar mayar da ajiyarsa jari ya ba da hannun jari kyauta, yawansu ya ƙaru, abin da ke zuwa kan kowane ɗaya ya ragu. Kafin ka kwatanta rabon bana da na shekarun baya, tabbatar yawan hannun jarin bai canza ba.

Hattara: bankuna na riƙe da takardun bashin gwamnatoci masu yawa. Mu a nan mun gani da idonmu, lokacin takunkumin da aka sa wa Nijar daga ƙarshen Yuli na 2023 zuwa Fabrairu na 2024, biyan waɗannan takardu ya tsaya. Duba ƙasashen da bankin ya fi zuba kuɗinsa.

8. Gwada shekarar wahala

Rage EBE da kashi 30 cikin 100 ka sake lissafi. Namu ya koma miliyar 2.24. Cire tsufan kaya miliyan 500, cire kuɗin ruwa miliyan 700, saura kamar miliyar 1. Bayan haraji, wajen miliyan 780, wato sefa 78 a kan kowane hannun jari ko da an raba duka. A farashin jika 2, kashi 4 ke nan bai cika ba. Ribar sana'a ta ragu da kashi 30, rabonka ya ragu da fiye da 60, domin banki ba ya rage nasa.

Kashi 30 ba tsoratarwa ba ce. Kamfanonin roba da manja na Kodebuwa, irin su SAPH, SOGB da Palm CI, farashin kasuwar duniya ke juya ribarsu, rabonsu na hawa da sauka tare da shi. A irin waɗannan, matsakaicin rabon shekara 5 za ka ɗauka, ba na shekarar da ta fi kyau ba.

9. Karanta masu bincike, ka san mai gida

Rahoton commissaires aux comptes gajere ne. Nemi kalmomi biyu: réserve, da continuité d'exploitation. Ta farko na nufin akwai lambar da ba su gamsu da ita ba. Ta biyu, in an haɗa ta da maganar shakka, na nufin suna tantamar ko kamfanin zai kai baɗi. Ni a nan nake rufe littafi.

Yawancin ƙananan kamfanonin nan suna da uwar kamfani mai riƙe da fiye da rabi, kuma ita ke yanke abin da za a raba. Tana iya cire nata ta wata ƙofa: kuɗin taimakon fasaha, kuɗin amfani da suna, ko rancen da ɗan ke ba uwa. Ana lissafa su a rahoto na musamman, conventions réglementées. In waɗannan na girma rabo na ƙanƙancewa, ka san inda aka bar ka.

10. Kuɗin shiga, da ƙofar fita

Ba a saye sai ta dillali mai lasisi, SGI. Tabbatar sunansa na cikin jerin da AMF-UMOA, hukumar da ke sa ido kan kasuwar, ta amince da su kafin ka tura ko dala. Wanda ya same ka a WhatsApp yana alƙawarin riba kowane wata ba dillali ba ne. Nemi takardar farashinsa a rubuce: ladan saye da na sayarwa, kason kasuwa da na ma'ajiya, kuɗin riƙon asusu, da abin da za a cire in za a turo maka kuɗi Damagaram. Wanda ya zuba jika 50 kacal, kuɗin riƙo kaɗai na iya cinye rabin rabonsa.

Wata Hajiya mai sayar da atamfa ta ce da ni, "Ɗana, to in saya ana gobe rabo, in sayar jibi mana." Na ce, "Hajiya, ranar da aka cire rabon, farashin ma da kusan wannan adadin yake sauka, sai ki biya dillali sau biyu a banza."

Sai ka koma BOC ka duba ciniki na wata guda. In hannun jari 40 ko 50 ake saye a rana, kai kuma kana son 2,000, shiga za ta yi wuya, fita ta fi. Farashi a BRVM ba ya motsawa fiye da kashi 7.5 cikin 100 a rana, don haka in mugun labari ya fito, yana iya yin kwanaki yana sauka ba mai saye, kana kallo. Ba da umarni mai iyakar farashi, ordre à cours limité, ka saya kaɗan-kaɗan, kuma kada kamfani ƙarami guda ya ɗauki fiye da kashi 10 cikin 100 na abin da ka zuba. Lissafin rabin shekara in ya fito, sake cika layukan matakai na 4 da na 5 a littafinka. In trésorerie-passif ya ƙaru sau biyu a jere alhali ciniki bai ƙaru ba, fara rage abin da ke hannunka tun kafin sanarwar babban taro.